Kafin ka biya kuɗin tafiya aikin sa kai a ƙasar waje, ga abin da za ka bincika

In kana yawan leƙa Facebook ko Instagram ko TikTok to ka san irin tallan nan, za ka ga hoton wani saurayi ko budurwa a tsakiyar yara suna ta dariya, a ƙasa an rubuta wai ka zo ka yi sati biyu a Nepal ko Kambodiya ko Kenya ko Ghana ka taimaki marayu, kuma ka ga gari ka sha iska. Wato an haɗa maka yawon buɗe ido da aikin lada a farashi ɗaya. Asalin harkar ta Turawa ce da Amurkawa da 'yan Ostireliya, musamman ɗalibai masu hutu kafin su shiga jami'a, amma yanzu ta iso kanmu, yaranmu da ke karatu a Ingila da Malesiya da Turkiyya suna shiga, sannan ga matasa a gida da ke ganin wannan ce hanyar samun biza da abin sakawa a CV.

Ni ban da shakka a kan niyyar yawancin masu tafiyar, mutanen kirki ne. Abin da ke damuna shi ne tsarin, domin tsari ne da aka gina shi don jin daɗin mai biyan kuɗi, ba don amfanin wanda aka ce za a taimaka ba, kuma in ba ka yi bincike ba sai ka je da kuɗinka da ƙarfinka ka ƙara wa mutane wahala ka dawo kana ganin ka yi aikin Allah. Saboda haka ga yadda za ka tantance shiri tun kafin ka tura ko sisi.

Fara da wannan: in akwai gidan marayu a cikin shirin, ka haƙura da shi

Nan zan fi daɗewa don nan ɓarnar ta fi yawa. Mu dai mun taso mun san darajar maraya, mun san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce shi da mai kula da maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna yatsunsa biyu, shi ya sa da an ce maraya sai zuciyarmu ta yi laushi ba ma tsayawa tambaya. To masu wannan kasuwa su ma sun san haka.

Dubi Kambodiya. Wani rahoto da UNICEF ta fitar tare da gwamnatin ƙasar a 2011 ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, a lokacin da ba yaƙi ake yi ba, ba kuma wata annoba ce ta kashe iyaye ba, abin da ya ƙaru kawai shi ne baƙi masu zuwa kallon tsohon wurin bautar nan na tarihi, Angkor Wat, da daloli a aljihu. Kuma kusan uku cikin huɗu na yaran da ke gidajen suna da uwa ko uba a raye, wasu ma duka biyun. Yadda abin ke faruwa shi ne a je ƙauye a samu talaka a ce masa kawo ɗanka birni za mu sa shi makaranta mai kyau ya koyi Turanci ya ci abinci sau uku, uba ya yarda don yana son ɗansa, shi kenan yaro ya zama maraya a takarda. A garin Siem Reap, kusa da Angkor Wat, da yamma sai a sa wa yaran kayan gargajiya su yi wa baƙi rawa, a gama a zagaya da akwatin taimako, wani lokaci ma a tura su kan titi suna raba takardun gayyata a wuraren da Turawa ke cin abinci. Abin takaicin kuma, gidan da ya fi lalacewa shi ya fi samun kuɗi, don baƙo in ya ga rufi na yoyo da yara ba takalmi ya fi saurin buɗe jaka, to mai gidan me zai sa ya gyara?

A Nepal ma haka ne, lokacin yaƙin basasarsu daga 1996 zuwa 2006 dillalai sun riƙa bin ƙauyukan kan dutse irin su yankin Humla suna karɓar yara, har iyaye su biya su kuɗi a kan za a kai yaran makarantar kwana a Kathmandu, ƙarshe a jibge su a gidajen marayu, kuma yawancin gidajen a inda baƙi ke sauka suke, Kathmandu da Pokhara da Chitwan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka don wa aka gina su. Abin ya kai Ostireliya, wadda 'yan ƙasarta na cikin masu yawan zuwa irin wannan tafiya, ta amince a 2018 cewa safarar yara zuwa gidajen marayu wani nau'i ne na bautar zamani.

Kuma kar ka ɗauka labarin nesa ne. A watan Oktoban 2007 aka kama wasu Faransawa 'yan wata ƙungiyar agaji, L'Arche de Zoé, a Abeche da ke gabashin Chadi suna shirin ɗora yara 103 a jirgi zuwa Faransa, wai marayun Darfur ne, da aka bincika sai ga shi yawancinsu 'yan Chadi ne kuma da danginsu a raye. Kotu a N'Djamena ta yanke wa shida daga cikinsu shekara 8 da aiki mai tsanani, daga baya shugaban Chadi na lokacin, Idriss Déby, ya yi musu afuwa a 2008. A Haiti bayan girgizar ƙasar Janairun 2010 ma an kama Amurkawa 10 suna ƙoƙarin tsallake iyaka da yara 33 ba takardu, su ma da yawansu suna da iyaye.

To a ce ma gidan na gaskiya ne, ba cuta ba ha'inci, har yanzu akwai matsala. Ka yi tunanin yarinya 'yar shekara huɗu, yau an kawo mata wata anti mai fara'a ta goya ta, ta yi mata kitso, ta kwana biyu tana ba ta abinci a baki, yarinya ta saba har ba ta yarda da kowa sai ita, ranar Juma'a mota ta zo anti ta rungume ta tana hawaye ta tafi filin jirgi, ranar Litinin a kawo wata sabuwa. Haka duk shekara. Yaron da ya taso a haka shi ne za ka ga yana rugowa ya maƙale wa duk baƙon da ya shigo, baƙo ya ji daɗi ya ce kai yaran nan akwai son mutane, alhali masana tarbiyyar yara suna ɗaukar wannan alama ce ta rauni, yaro ne da bai taɓa samun mutum ɗaya tsayayye ba. Binciken da aka fara a Bukares ta Romaniya a shekarar 2000 ya bi yaran gidajen raino tsawon shekaru, ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai tun suna ƙanana sun fi waɗanda aka bari ci gaba a ƙwaƙwalwa da mu'amala. Shi ya sa Ruwanda ta kama rufe gidajen marayunta tun 2012 tana mayar da yara cikin dangi. Mu kanmu ai haka muka gada, uba ya rasu baffa ko kawu ko goggo su ɗauki riƙo, yaro ya taso a cikin 'yan'uwansa. In kana son ladan maraya ka nemi ƙungiyar da ke tallafa wa uwar ko mai riƙon, kuɗin makaranta, jari, magani, yaro na gidansu.

Sannan duk inda aka ce za ka iya shiga cikin yara ba tare da an nemi takardar 'yan sanda da ke nuna ba ka da laifi ba, to ka san an buɗe wa kowa ƙofa ke nan, har da masu lalata da yara, kuma suna bin irin waɗannan wurare.

Tambayi kanka ko a garinku za a bar ka ka yi wannan aikin

Wannan gwajin ba ya buƙatar intanet. In kai ɗalibi ne ɗan aji biyu a fannin lafiya, a asibitin koyarwa na garinku za a miƙa maka allura da zare a ce ɗinke wannan, ko a bar ka ka karɓi haihuwa? Ba za a yi ba. To me ya sa zai halatta a wani ƙauye a Tanzaniya, don kawai masu jinyar talakawa ne kuma sun ga ka sa farar riga sun ɗauka likita ne? Akwai shirye-shirye da yawa da abin da suke sayarwa ke nan, suna cewa za ka taɓa marar lafiya da hannunka, abin da ba za ka samu a gida ba. Wallahi wannan ba abin alfahari ba ne. A Jinja ta Uganda wata Ba'amurkiya da ta fara zuwa a matsayin 'yar sa kai tana budurwa, ba ta da karatun likita, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, yara 105 suka rasu a wurin cikin 'yan shekaru, hukuma ta rufe cibiyar a 2015, wasu iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba. Yaran dama sun zo a galabaice, wannan gaskiya ne, amma ai shi ya sa suke buƙatar asibiti na sosai da ƙwararru.

Koyarwa ma mutane na raina illarta. Baƙo ya zo sati biyu bai san manhajar ƙasar ba, bai ji yaren yaran ba, me zai koyar? Sai ya koma kan abin da ya fi sauƙi, ABCD da launuka da sunayen dabbobi da waƙa, ya tafi wani ya zo ya sake farawa daga ABCD, shekara ta ƙare yara ba su matsa ba, malamin ajin na gaskiya kuma an ture shi gefe yana kallo, har yara su fara ganin ai nasu malamin bai kai baƙo ba.

Gini kuwa ba sai na ja ba. Wanda bai taɓa riƙe cokalin magini ba ya zo ya jera bulo a karkace, magina na garin da ke neman aikin yini suna zaune. Kuɗin tikitin mutum ɗaya zai biya magina da leburori da yawa su yi aikin da kyau, kuma kuɗin ya zauna a garin.

Bi sawun kuɗin

Irin wannan shiri daga ɗaruruwan daloli ne zuwa dubbai, kuma galibi ban da tikiti da biza da inshora. Ka rubuta musu imel kai tsaye ka ce ina son a rarraba min, nawa ne na masauki, nawa na abinci, nawa ke zuwa ofishinku, nawa ke isa hannun makarantar ko asibitin da zan yi aiki. Masu gaskiya za su ba ka lissafi ba tare da jin haushi ba. In suka fara kewaye-kewaye da daɗin baki, wai duk kuɗin na tafiya ne wajen ci gaban al'umma, to ka gane. Da yawa daga cikinsu kamfanonin tafiye-tafiye ne kawai masu neman riba, ofis na Landan ko Sidni, su yanki kaso mafi tsoka su miƙa wa wani ejan a ƙasar, shi ma ya yanka, abin da zai kai ƙasa bai taka kara ya karya ba.

Ka nemi lambar rajistarsu ka duba da kanka, in a Ingila suke akwai hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji kuma ana iya ganin lissafin kuɗinsu na shekara a shafinta kyauta. Ka kuma nemi a haɗa ka da wanda ya taɓa zuwa, ba wanda suka zaɓo suka sa a shafinsu ba, ka lalubo da kanka a soshiyal midiya ka tambaye shi me ya yi daga safe zuwa yamma. Amsar wannan tambayar tana tona abubuwa da yawa, za ka ji wani ya ce gaskiya awa biyu muke yi sauran duk yawo ne.

Wata alama kuma, duba yadda suke ɗaukar mutane. In ba intabiyu, ba tambayar me ka iya, ba neman shaidar karatu, kawai cike fom ka biya ka zaɓi ranar tafiya, to kai kwastoma ne a wajensu.

Wa ya ce a zo?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambaya, wannan aikin mutanen garin ne suka nema ko daga waje aka yanke musu? Wa ke shugabantarsa a can, ɗan garin ne mai iko da kasafin kuɗi ko dai direba da tafinta kawai aka ɗauka? In baƙi suka daina zuwa gobe aikin zai ci gaba? Duk wanda ya zaga karkara a ƙasashenmu ya ga irin fanfon burtsatsen da aka kafa aka sa allo da sunan masu bayarwa aka ɗau hoto, bayan shekara ɗaya wani ɗan ƙarfe ya lalace, ba wanda aka koya wa gyara, ba kwamitin da ke tara kuɗin kayan gyara, mata suka koma rafi da tulunansu. Haƙa rijiya sadaka ce mai gudana in dai ruwan na gudana, don haka tambayarka ta zama a kan wa zai kula da ita bayan an watse.

Tsawon lokaci ma ka duba shi da kyau. Sati ɗaya ko biyu ba ya isa ka san hanyar kasuwa balle ka fahimci matsalar mutane, kuma ma'aikatan wurin su ne za su bar aikinsu su yi ta yi maka jagora. Ba banza ba ƙungiyoyin da suka daɗe a harkar suke neman dogon zama, Peace Corps ta Amurka shekara biyu ake yi, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF kuwa sai kana da gogewar aiki ta shekaru kafin ma su saurare ka.

In bala'i ya faru, girgizar ƙasa ko ambaliya, kar ka yanki tikiti don tausayi ya kama ka. Lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa Nepal a Afrilun 2015 ta kashe mutum kusan 9,000, abin da ake buƙata ƙwararrun masu ceto ne da likitoci da kuɗi, wanda ya je hannu rabbana shi ma sai an nema masa ruwa da makwanci a inda 'yan gari ba su samu ba. Tura kuɗinka ta hannun ƙungiyar da ke can tun kafin abin ya faru.

Masu son dabbobi kuma, in an ce za ka ba 'ya'yan zaki madara a kwalba a Afirka ta Kudu wai marayu ne za a mayar da su daji, ka sani zakin da ya saba da hannun mutum ba ya komawa daji, da yawansu a gonakin kiwo ake haifarsu kuma ƙarshensu hannun masu biyan kuɗi su harbe su a cikin shinge.

Maganar biza da 'yan damfara

Wannan ya fi shafar wanda zai tashi daga gida da koren fasfo. Akwai ƙasashen da aikin sa kai da bizar yawon buɗe ido laifi ne ko da ba a biyanka, Nepal na ciki, kuma kamfanin ba lallai ya gaya maka ba, sai ya ce in ka isa filin jirgi ka ce yawo ka zo. Duk wanda ya ce ka yi wa jami'in shige da fice ƙarya to ya nuna maka halinsa, kuma in an kama kai za a buga wa tambari a fasfo ba shi ba. Ingila tana barin mai bizar ziyara ya yi aikin sa kai na kwana 30 kawai tare da ƙungiya mai rajista, in ya wuce haka akwai biza ta daban ta ma'aikacin agaji wadda ba ta wuce wata 12, sai ƙungiya ta tsaya maka, kuma ba albashi. Dokokin nan suna canzawa, ka karanta a shafin gwamnatin ƙasar da kanka ranar da za ka nema.

Sai kuma masu turo saƙo a WhatsApp da Telegram, wai ana neman 'yan sa kai a Kanada ko Jamus, tikiti kyauta masauki kyauta, kawai ka tura kuɗin fom da na gwajin lafiya a wannan akawun. Akawun ɗin na mutum ne ba na ƙungiya ba, imel ɗin na Gmail ne, kuma kullum gobe ake rufewa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne kuɗinka su tafi, mafi muni kuma ka tsinci kanka ko 'yar'uwarka a wata ƙasa an karɓe fasfo ana aikatau. In ka ga irin wannan a Najeriya ka kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, rahoto, aikinsu ke nan.

Hanyoyi na gaskiya suna nan kuma ba sa karɓar kuɗinka. Shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, rajista kyauta ce a shafinsu, in an ɗauke ka su ke ba ka alawus na zama, akwai kuma aikin da za ka yi ta intanet kana ɗakinka, amma shi ba alawus. Tarayyar Afirka na da nata shirin na matasa da ake tura mutum wata ƙasar Afirka shekara ɗaya. Najeriya kuma tun 1987 take da Technical Aid Corps, mai tura malamai da likitoci da nas-nas da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik na shekara biyu, kuma ƙasashen ne ke cewa ga irin ma'aikatan da muke so. Samun shiga akwai wuya, gasa ce sosai, amma wuyar ce ke nuna aiki ake nema da gaske.

Hoto

In har ka tafi, ka riƙe wayarka. Kar ka ɗauki yaron mutane ba izinin iyayensa, kar ka ɗauki marar lafiya a gado, kar ka sa hoton wani yana karɓar buhun shinkafa daga hannunka fuskarsa a buɗe. Ka auna da kanka, in ƙanwarka ce a wannan halin za ka so wani baƙo ya watsa ta duniya ta gani da rubutu a ƙasa yana ba da labarin talaucin gidanku? Addini ma ya yabi mai sadakar da hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. In ƙungiyar ta ce sai da hoto masu ba da kuɗi ke yarda, a ɗauki aikin, ajin da aka gyara, fanfon da ke zuba, ko manya da suka fahimci inda hoton zai je suka amince.

In abin da kake so ka ga duniya ne

To ka je ka gani mana, ba laifi ba ne kuma ba sai ka lulluɓe shi da sunan agaji ba. Sauka a masaukin ɗan gari, ci abinci a wajen masu tuwon garin, ɗauki ɗan jagora na wurin ka biya shi da kyau ba tare da ka matse shi a ciniki ba, sayi tsaraba a hannun wanda ya yi ta. Wannan kuɗin yana shiga aljihun iyaye kai tsaye, kuma iyayen da ke da abin hannu ba sa miƙa 'ya'yansu ga dillalin gidan marayu. Aikin sa kan kuma ka yi shi inda ka ji yare, ka san mutane, za ka iya komawa duk sati, makarantar firamaren unguwarku, ba da jini a asibiti, sansanin 'yan gudun hijira ta hannun masu kula da shi.

Wanda kuma ya riga ya biya kafin ya karanta wannan, ka rubuta musu ka nemi a canza maka wurin aiki daga gidan marayu ko asibiti zuwa abin da ka iya da gaske kuma a ƙarƙashin ɗan gari, misali shigar da bayanai a kwamfuta, gyaran na'urori, lissafin kuɗi, ko taya malami shirya darasi shi yana koyarwa. In sun ƙi, ka duba sharuɗɗan da ka sa wa hannu ka ga nawa za su mayar maka, ka karɓi abin da ya samu, kuma ka gaya musu a rubuce dalilin da ya sa ka fasa.